Ku Tambaya Mu Amsa: Me Ake Ji a Hayaniyar Punk da Kiɗan Gareji?

Wasiƙun wannan fitowa sun karkata ne ga kiɗan punk da yayansa, kiɗan gareji, wato nau'o'i biyu na kiɗan rok mai ƙarar jita da ganga. Mun taƙaita masu tsawo, mun kuma haɗe waɗanda suka zo da tambaya iri ɗaya.

Tambaya: Na nemi kundin farko na ƙungiyar Ramones da wasu waƙoƙin gareji na shekarun 1960 saboda yawan yabon da ake musu. Wallahi ban ji komai ba sai hayaniya da mawaƙi yana ihu. Me mutane ke ji a ciki wanda ni na kasa ji?

Amsa: Malam, kunnenka lafiyarsa ƙalau, sabo ne kawai. Yawancin waƙoƙin da ke fita yanzu ana gina su ne kamar bango, bulo kan bulo: a ɗauki ganga ita kaɗai tana bin na'urar ƙidayar bugu, a ɗora bes, a ɗora jita, murya ta zo daga ƙarshe, sannan kwamfuta ta miƙar da duk inda aka kauce. Kunnen da ya tashi da wannan, ranar da ya ji mutum huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya suna kaɗawa lokaci guda, dole ya ce hayaniya ce. To wannan ɗakin da mutanen cikinsa su ne abin da masoya kiɗan ke bi.

Ɗauki "Louie Louie" na ƙungiyar Kingsmen, wadda aka naɗa a Portland ta jihar Oregon a 1963. An rataye makirufon murya can sama, har sai da mawaƙin, Jack Ely, ya riƙa ɗaga wuya yana ƙwala murya don ta fi ƙarfin ganguna, shi ya sa kalmomin suka fito a dagule. Bayan mai jita ya gama zagayensa, Ely ya shigo da baiti kafin lokaci, ya ankara, ya yi gum, mai ganga ya cike gurbin da ɗan bugu, sannan aka ɗora. Haka aka bar shi a faifan. Da wannan tuntuɓen waƙar ta kai matsayi na 2 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, dagulewar kalmomin kuma ta sa hukumar FBI ta buɗe bincike kan zargin batsa, ta yi ta saurare, daga ƙarshe ta ce ba ta gane abin da ake faɗa ba. Ka sake kunna waƙar kana jiran wannan wuri. Za ka ji daƙiƙa biyu da mutum biyar suka kusa watsewa, suka kuma sake kama juna.

Gurnanin jitar kuwa da gangan ake yinsa. Amfilifaya tana da iyakar ƙarfin da za ta iya fitarwa. Idan aka tura mata sigina fiye da iyakar, sai ta aske kan igiyar sautin, tudu mai lanƙwasa ya koma tudu mai shafaffen kai. Wannan askin yana haifar da ƙarin sautuka a saman na asali, yana kuma matse tazarar da ke tsakanin bugu mai ƙarfi da mai rauni, shi ya sa tsirkiya ɗaya ke cika ɗaki ta daɗe tana ruri. Tun 1958 mai jita Link Wray ya huda lasifikarsa don neman wannan sauti. A 1964 Dave Davies na Kinks ya tsaga takardar lasifikar ƙaramar amfilifayarsa da reza. Kamfanin Gibson ya fito da 'yar na'urar Maestro Fuzz-Tone a 1962, ba ta yi kasuwa ba sai a 1965 da Rolling Stones suka yi amfani da ita, daga nan duk yaron da ke da jita a Amurka ya so tasa.

Kada ka yi wa wannan kiɗa hukunci da lasifikar waya, domin ba ta fitar da sauti mai kauri, sai ta bar ka da tsinin jita da ƙarar farantan ganga. Sa abin kunne mai kyau ka kunna kundin Ramones na 1976 a asalin haɗinsa na sitiriyo: bes yana kunne ɗaya, jita a ɗaya kunnen, ganga da murya a tsakiya. Cire kunne ɗaya ka bi bes shi kaɗai tsawon waƙa guda, sannan ka sauya. Za ka tarar da amshi mai daɗin bi a ƙarƙashin ƙarar, irin na waƙoƙin rediyo na farkon shekarun 1960, an dai ninka masa gudu.

Tambaya: Gareji da punk abu ɗaya ne? Wasu na haɗa su, wasu na raba su.

Amsa: 'Yan uwa ne, amma da shekara goma a tsakaninsu. Garejin da ake nufi shi ne ɗakin ajiye mota na gidajen Amurka, inda samari ke atisaye. Bayan Beatles sun bayyana a shirin talabijin na Ed Sullivan a Fabrairun 1964, ƙungiyoyi suka ɓarke a kowane gari, yara 'yan sakandare suna ƙoƙarin kwaikwayon Rolling Stones da Kinks da kayan da hannunsu ya kai: jita mai araha, na'urar gurnani, da ƙaramin ogan na Farfisa ko Vox. Ba su kira kansu 'yan gareji ba, daga baya aka laƙaba musu. Zamanin ya yi ƙarfi ne daga wajen 1964 zuwa 1968.

Punk ya taso a tsakiyar shekarun 1970, a kulob ɗin CBGB na Niyok da kuma Landan, lokacin da kiɗan rok ya cika da waƙoƙin minti goma da kaɗe-kaɗen nuna gwaninta. Bambancin a niyya yake. Yaran gareji sun so su yi kama da manya ne suka kasa, kasawar ta zama sautinsu. 'Yan punk sun ji wannan sauti suka zaɓe shi ido buɗe. Gadar da ta haɗa su tana jihar Michigan, wurin ƙungiyoyin MC5 da Stooges, sai kuma tarin waƙoƙin Nuggets da Lenny Kaye ya haɗa wa kamfanin Elektra a 1972, waƙa 27 a faifai biyu, wanda a bayaninsa aka yi amfani da kalmar punk ga waɗancan yaran. Wani abin sha'awa ma, Don Gallucci da ya shirya wa Stooges kundin Fun House a 1970, shi ne yaron da ya kaɗa fiyano a "Louie Louie".

Wannan yana da amfani ga mai saye. Gareji kiɗan ƙaramin faifai ne mai waƙa ɗaya a kowane gefe. Ƙungiyar da ta dace da waƙa guda ta shahara sai a hanzarta ta cika kundi da waƙoƙin wasu, don haka kundaye da yawa na wancan zamani waƙa biyu ce mai kyau, sauran ciko. Tarin waƙoƙi ya fi riba. A punk ne kundi ya zama abin da ake saurara daga farko har ƙarshe.

Tambaya: Da gaske ne kamu uku kawai ake buƙata a jita? Na koyi ukun, amma abin da nake kaɗawa bai yi kama da nasu ba.

Amsa: Ɗan'uwa, zancen ya samo tushe ne daga wata 'yar mujallar hannu ta Landan mai suna Sideburns, wadda a farkon 1977 ta zana kamu uku ta ce mai karatu ya je ya kafa ƙungiya. Zancen gaskiya ne ga hannun hagu. Wahalar tana hannun dama.

Fara da kamun. Ɗora manuniya a gaɓa ta 5 (gaɓoɓin su ne tazarar da ke tsakanin ƙarafan wuyan jita, ana ƙirgawa daga kai) ta tsirkiya mafi kauri, yatsan zobe a gaɓa ta 7 ta tsirkiyar da ke bi mata. Sauti biyu ke nan, tushe da na biyar ɗinsa. Kwantar da cikin manuniyar a kan sauran tsirkiyoyin ba tare da dannawa ba, don su yi shiru. Sauko da wannan siffa yadda take zuwa tsirkiya ta biyu a kauri, gaɓa ta 5, sannan ka zame zuwa ta 7. Ka sami kamu ukun da ɗaruruwan waƙoƙi suka tsaya a kansu. Dalilin da ya sa ake yawan tsayawa kan sauti biyu shi ne karkarwarsu tana kan ma'aunin 3 da 2, don haka ƙarin sautukan da gurnani ke haifarwa suna faɗawa inda suka dace. Da ka ƙara sauti na uku ka kuma cika gurnani, sai su fara karo da juna, abin ya zama kunu. Johnny Ramone, mai jitar Ramones, yana kama cikakken kamu mai tsirkiya shida, amma wannan sai hannu ya nuna.

Hannun dama kuwa ƙasa kawai yake bugawa, ba ƙasa da sama ba. Yi lissafi: waƙa mai bugu 180 a minti, ana kaɗa sau biyu a kowane bugu, kaɗawa 360 ke nan a minti, shida a kowace daƙiƙa, duk ta fuska ɗaya. Bugun ƙasa yana fara taɓa tsirkiya mai kauri kowane lokaci, shi ya sa sautin ke fita bai ɗaya kamar inji. Wanda ke kai da komo da makaɗi zai ji nasa yana rangaji, wannan rangajin ne ya sa naka bai yi kama da nasu ba.

Sa na'urar ƙidaya a bugu 100, ka yi minti biyu ba tsayawa. In ya tafi daidai, ƙara 5. Ranar da hannu ya fara ƙagewa, koma baya da 10. Motsin daga wuyan hannu yake, ba daga gwiwar hannu ba. Bakin makaɗin robar kada ya fito daga yatsu fiye da milimita 2 zuwa 3, in ya fi haka zai riƙa maƙalewa a tsirkiya. Kurakurai biyu sun fi yawa: danne tsirkiya da ƙarfin tsiya, wanda ke ja ta har sautin ya haura ya kauce wa na bes, da kuma murɗa gurnani har ƙarshe, wanda ke shafe bakin kowane bugu. In zafi mai tsini ya taso a wuyan hannu, ajiye jitar, gajiya daban, ciwon jijiya daban.

Kada kuma a ruɗe ka da cewa duk kundin punk bugu ɗaya aka yi masa. Kundin Sex Pistols na Oktoban 1977, Never Mind the Bollocks, wanda ashar ɗin da ke sunansa ma sai da ya kai wani manajan shagon faifai gaban kotu a Nottingham, aiki ne na haƙuri. Masu shirya kundin, Chris Thomas da Bill Price, sun sa mai jitar ƙungiyar, Steve Jones, ya ɗora jita kan jita, shi ne ma ya kaɗa bes a yawancin waƙoƙin. Kaurin da kake ji a can ba na jita ɗaya ba ne.

Tambaya: Ni sabuwar shiga ce. Da wane kundi zan fara? Kuma na ji an ce kalmominsu duk zagi ne da batsa.

Amsa: Malama, fara da Nuggets, saboda kowace waƙa ta wata ƙungiya ce daban, in wannan ba ta yi miki ba, bayan minti uku wata za ta zo. Daga nan ki wuce kundin farko na Ramones: waƙa 14 cikin minti 29, an kashe dala 6,400 wajen ɗaukarsa. Bai wuce matsayi na 111 ba a jadawalin Billboard, sai a 2014 cinikinsa ya kai matakin samun lambar faifan zinare. In kina son ki ji yadda gareji yake da tsatsarsa, Here Are The Sonics na 1965 ne, 'yan Tacoma, da saksofon da fiyano da mawaƙin da ke tsala ihu kamar an taka masa ƙafa.

A ɓangaren Ingila mun fi son a fara da kundin farko na Clash na Afrilun 1977, domin a nan za ki ji yadda punk ya rungumi rege na Jamaika. Ki lura, wanda aka fitar a Amurka a 1979 an sauya masa waƙoƙi, don haka ki duba shekara. Germfree Adolescents na X-Ray Spex, 1978, yana da muryar Poly Styrene, wadda mahaifinta ɗan Somaliya ne, tana yi wa talla da kayan roba da son saye-saye ba'a. Pink Flag na Wire ya cusa waƙa 21 cikin kusan minti 35, wasu ba su kai minti ɗaya ba, da zarar magana ta ƙare sai waƙar ta tsaya cak.

Kada ki fara da zafaffen punk na Amurka na farkon shekarun 1980. Kaset ɗin Bad Brains na 1982 gwaninta ce tsantsa, amma gudunsa zai kore ki in kunne bai saba ba. Ki bar shi sai wata na biyu. Ga mai son ya ga cewa abin bai tsaya kan fararen samarin Landan da Niyok ba: Los Saicos sun yi nasu a Lima ta Peru a 1965, Saints sun fitar da faifansu na farko a Brisbane ta Ostireliya a Satumban 1976, kafin kowace ƙungiyar punk ta Ingila ta fitar da nata. 'Yan uwa uku baƙar fata a Detroit, ƙungiyar Death, sun ɗauki waƙoƙi a 1975 waɗanda ba su fito a kundi ba sai 2009. A Zambiya ta shekarun 1970 kuma WITCH da Ngozi Family suna ta gurnanin jita.

Batun kalmomi, ba za mu ɓoye miki ba: akwai ashar, akwai zancen ƙwaya, akwai waɗanda suka yi wasa da alamun 'yan Nazi don su tsokani iyayensu, wanda a ganinmu wauta ce ko a lokacin. Amma akwai masu magana kan rashin aiki da wariyar launi da zaman kashe wando, har da Minor Threat na Washington da suka yi suna da ƙin giya da ƙwaya. Waƙoƙin gareji na shekarun 1960 yawancinsu kukan saurayin da budurwa ta juya wa baya ne. Ki karanta kalmomin kundi kafin ki kunna shi a gaban yara.

Tambaya: Mu huɗu ne, mun ɗauki waƙoƙinmu a ɗakin da muke atisaye, muna neman irin wancan sautin. Sai ya fito kamar daga cikin rijiya: farantan ganga sun cinye komai, ba a jin murya, jita ta zama ƙudan zuma. Ina matsalar take?

Amsa: Samari, kun faɗa tarkon da kowa ke faɗawa, wato ɗaukar cewa sauti mai tsatsa sautin sakaci ne. Sonics sun yi kundinsu da na'ura mai layi biyu, amma a hannun injiniya Kearney Barton a Seattle, wanda ya san inda zai ajiye kowane makirufo. White Stripes sun ɗauki Elephant a situdiyon Toe Rag na Landan da na'urar tef mai layi takwas, ya fito a 2003 ya zagaya duniya. Ƙarancin kaya bai taɓa zama matsalar ba.

Ɗakin ne farko. Ƙaramin ɗaki mai bangon siminti huɗu yana mayar da ƙarar faranti cikin kowane makirufo. Ku jingina katifu a bango biyu da ke maƙwabtaka, ku rataye barguna masu nauyi da ɗan rata tsakaninsu da bango, ku shimfiɗa darduma a ƙarƙashin ganguna. Kwalin ƙwai ba ya komai, kada ku ɓata lokaci. Sannan ku gaya wa mai ganga gaskiya: ya daki ganguna da ƙarfi, ya sassauta wa faranti. Babu na'urar da za ta gyara mai gangar da ya ƙi wannan.

Ganguna makirufo uku sun isa, bisa tsarin da aka san injiniya Glyn Johns da shi. Ɗaya a bakin babbar gangar ƙafa. Ɗaya a sama, kamar mita ɗaya daga ƙaramar gangar tsakiya, yana kallonta. Na uku a gefe, kusa da gangar da ke tsaye a ƙasa, shi ma yana kallon ta tsakiyar. Ku ɗauki igiya ku auna: nisan na biyu da na uku daga tsakiyar ƙaramar gangar dole ya zama ɗaya. Ga dalili. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka bambancin santimita 34 jinkiri ne na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma idan aka haɗa makirufo biyu masu wannan jinkiri, sautin da ke wajen karkarwa 500 a daƙiƙa yana kashe kansa. Wani ɓangare na rijiyar da kuke ji daga nan yake. Bayan kun ɗauki gwaji, ku haɗe komai a lasifika ɗaya, ku danna maɓallin juya sigina a makirufon gangar ƙafa. Duk matsayin da ya fi ba da kauri, shi za ku bari.

Jita kuma, amfilifaya mai wat 5 zuwa 15 da aka buɗe sosai ta fi mai wat 100 da aka shaƙe. Ku ɗora ta a kujera, ku juya mata baya ga ganguna. Makirufo irin Shure SM57 ya tsaya santimita 2 zuwa 3 daga yadin gabanta, tsakanin cibiyar lasifika da bakinta. Cibiya tsini ce, baki duhu ne, ku riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan har ku dace. Ku rage gurnani zuwa rabin abin da kuke sawa a dandali. A ɗakin zai yi muku kamar ya yi laushi, a naɗin zai fi girma, kuma ƙudan zuman zai tafi. Duk makirufo biyu masu ɗaukar abubuwa daban, tazararsu ta kai aƙalla ninki uku na nisan kowanne daga abin da yake ɗauka.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ma'aunin shiga. Kun ji ana cewa mutanen da suna tura allura cikin ja. Tef suke turawa, shi kuwa tef yana matse sauti a hankali kafin ya fashe. Kwamfuta ba ta da wannan lallashi, da sigina ya taɓa sifili, wato ƙololuwar ma'aunin, sai ta datse shi, ƙarar da ke fita kuma ba ta gyaruwa. Ku ɗauka a bit 24, bugu mafi ƙarfi ya tsaya tsakanin desibel 12 da 6 ƙasa da sifili. Tsatsar ta fito daga amfilifaya, ba daga katin sauti ba.

Murya a ɗauke ta daga baya, ba abin kunya ba ne. Wajen haɗawa, ku yanke wa jita duk abin da ke ƙasa da karkarwa 80 zuwa 100 don bes ya sami wuri, in har yanzu da duhu ku ɗan rage tsakanin 250 da 400. Ku saita tsirkiya kafin kowane ɗauka. Waƙa kada ta wuce ɗauka uku ko huɗu, bayan nan kuzari ya tafi, ku wuce wata ku dawo gobe. Buzzcocks na Manchesta, da suka ranto wajen fam 500 suka buga faifansu Spiral Scratch da kansu a Janairun 1977, har rubutawa suka yi a bayan murfin ɗauka na nawa ne kowace waƙa, don kowa ya ga abin ba tsafi ba ne.

Ku toshe kunnuwanku. Ƙa'idar masana lafiyar ma'aikata a Amurka ita ce awa 8 a desibel 85, duk ƙarin desibel 3 kuma lokacin ya ragu da rabi. A desibel 100 minti 15 ke nan, ƙaramin ɗaki mai ganguna kuwa yana wuce haka cikin sauƙi.

Tambaya: Na fara tara faifan garmaho. Waƙoƙin ƙarshen kowane gefe suna fitowa a tsage, ban sani ba ko haka kiɗan yake ko garmahon ne.

Amsa: Gwajin mai sauƙi ne, Malam: saurari waƙar a intanet, in can ta fita fes, laifin na wajenka ne. Babban faifai yana juyi 33 da sulusi a minti daga farko har ƙarshe, amma a bakinsa layin yana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kuwa bai fi 21 ba. Sauti iri ɗaya aka cusa a wurin da bai kai rabi ba, sai allura ta kasa bin lanƙwasar, musamman a faranti da harafin "s". A nan gajartar kundin punk ta yi rana: gefen da bai kai minti 15 ba ana iya yanka shi da ƙarfi, layukan a sake, saɓanin wanda aka cusa wa minti 25.

Duba nauyin allura da ɗan ma'auni. Yawancinsu suna son giram 1.5 zuwa 2.5, ka bi abin da kamfanin ya rubuta. Rage nauyi fiye da kima ya fi ɓata faifai, domin allurar tana tsalle tana dukan bangon layi. Daidaita kan allurar da takardar awo ta musamman, ka canja ta bayan awa 500 zuwa 1,000 na aiki. In sautin gaba ɗaya siriri ne ba kauri, ka haɗa garmahon ne ba tare da ƙaramar amfilifayar da ke mayar da kaurin da aka rage wajen yanka ba. In kuma komai yana jan jiki, duba injin: wanda aka yi wa wutar da ke juyi 60 a daƙiƙa, in injinsa mai bin juyin wuta ne, zai rage gudu da kusan kashi 17 cikin ɗari a wutar 50. Ka ajiye faifai a tsaye, nesa da rana da zafi. Faifan gareji na shekarun 1960 kuma ka nemi mai sauti ɗaya na asali, ka guji wanda aka rubuta an mayar da shi sitiriyo da na'ura, ba sitiriyo na gaskiya ba ne.

Tambaya: Na sayi Raw Power na Stooges a faifan CD, yana fashewa ko da na rage ƙara. Jabu aka sayar min?

Amsa: Da wuya, ɗan'uwa. Duba bayan murfin. Kundin yana da haɗi biyu. Na asali na 1973 David Bowie ne ya yi shi cikin gaggawa a Los Angeles: murya da jita a gaba, bes da ganga can nesa kamar a maƙwabta. A 1997 Iggy Pop, mawaƙin ƙungiyar, ya sake haɗa shi da kansa, ya tura komai har ma'aunin kwamfuta ya datse, kuma datsewar tana cikin faifan, shi ya sa rage ƙara ba ya cire ta. In 1997 ka gani, abin da aka nufa ke nan ka ji. An sake fitar da haɗin Bowie a 2010. Na Iggy ya fi kauri, amma yana gajiyar da kunne kafin a kai waƙa ta huɗu. Mu dai na Bowie muke komawa, mu ɗan ƙara bes a amfilifaya.